Ranar da Aka Ce In Rantse a Kan Ƙasa

Na san abin da ake gaya muku duk sanda kuka je Zangon Kanya biki ko ta'aziyya. Ba a faɗa muku kai tsaye, mutanenmu ba sa haka. Sai an miƙo muku ruwa a moɗa, wata tsohuwa ta ce ku sha a hankali, nan ba Dutse ba ce, nan garin da ubanku ya hana famfo ne, sannan a yi dariya kamar da wasa ake. Ku dawo gida ku yi shiru, ni ma in yi shiru. To shekaru sun ja, likita ya ce in daina haɗiye abu. Zan faɗa muku yadda aka yi, iyakar abin da na gani da idona. Abin da ban gani ba zan ce ban gani ba, ko da kuwa zuciyata ta daɗe da yanke hukunci a kansa.

Lokacin ina aiki a wani ofishi da aka buɗe a Dutse don ayyukan raya karkara, wanda yanzu ko allonsa babu. Ni kaɗai ne a cikinmu na karanci ilimin ƙasa da duwatsu a jami'a. Wasu masu ba da tallafi daga ƙasar waje suka yarda za su gina manyan tankunan ruwa a garuruwan tsakiyar jihar, irin masu dogayen ƙafafun nan na kankare, kuma garinmu yana cikin na farko. Sai dai sun sa sharaɗi: kafin a ɗaga kowane dogon gini, tanki ne ko gada, dole a yi nazarin haɗarin girgizar ƙasa a yankin. Ranar da aka karanta wannan sharaɗi a ofis har masinja sai da ya yi dariya. Daraktanmu, wanda ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa suna raye, ya turo mini fayil ɗin da ɗan yatsa ɗaya, ya ce in cika wa Turawa shafuka su ji daɗi, su a garinsu ƙasa ke rawa, mu tamu mai ladabi ce.

Kun san halina. Mahaifiyarku ta sha faɗa a gabanku cewa ko tambayata aka yi gishiri ya ji a miya, sai in ce mai yiwuwa. Ban iya cika shafi da abin da ban duba ba. Na hau babur na zagaye ƙasar Garki da Miga da Kafin Hausa, ina zama da dattawa ina tambayarsu ko sun taɓa jin ƙasa ta motsa, ko kakanninsu sun ba su labarin haka. Na nemo abin da aka rubuta game da 'yan girgize-girgizen da aka ji jefi-jefi a wasu sassan ƙasar nan. Na duba taswirorin da ke nuna inda dutsen ƙarƙashin ƙasa ya tsage tun zamanin da. Na sa aka haƙa ramuka a filayen da aka zaɓa, na ɗebo ƙasar na murza ta a hannuna. Abin da na samu ba wani abin tashin hankali ba ne. Haɗarin kaɗan ne ƙwarai, amma ban isa in ce babu ba, musamman da yake ba mu da na'urar auna motsin ƙasa ko ɗaya a kusa da mu, kuma wanda bai sa kunne ba bai isa ya ce ba a yi magana ba. Dutse kanta a kan dutse take zaune, ba ta dame ni ba. Garuruwan bakin fadama ne suka tsaya mini a rai, domin a ƙarƙashinsu lallausan yashi ne jiƙe da ruwa, irin wanda in ya sha jijjiga yakan saki abin da ke kansa. Shawarata gajeriya ce: a zurfafa tushen tankin a ɗaure ƙafafunsa da juna, ko a matsar da shi kan tudu a ja bututu. Na ce haka a kan duk garuruwan bakin fadama, har da namu, har da Kukar Lele da ke gaba da mu kaɗan, garin shugaban kwamitin rabon ayyukan.

Darakta ya kira ni ofishinsa, ya bar ni a tsaye.

“Malam Habibu, bar mini dogon turanci. Za ta girgiza ko ba za ta girgiza ba?”

“Ranka ya daɗe, da wuya ta girgiza a zamaninmu. Amma in ta yi, ko kaɗan ne, ƙasar wurin ba za ta riƙe ba.”

“Wato ba ka lamunce wa filin garinku ba.”

Na ce ba haka na ce ba, na fara maimaita maganar tushe. Ya ɗaga hannu, ya yi murmushi, ya ce ya fahimta sarai, in je abina, na yi ƙoƙari. Na fita har ina jin daɗi an yaba mini.

Ba a jima ba sai ga Yaya Ado, babban wanmu, a ƙofar gidana a Dutse. Mahaifiyarku ta kawo masa ruwa ya ce ya ƙoshi, ta shimfiɗa tabarma ya ƙi zama. Ku ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Shi ne ya ba da gonarsa ta bakin fadama kyauta don a kafa tankin, samarin gari suka yi gayya suka share ta, har giginyun da ke ciki aka sare. Ya ce labari ya iso gari cewa an ɗauke aikin an kai Kukar Lele, bisa shawarar masani, kuma masanin ɗan Malam ne, wato ni. Ya ce mata sun daina shiga wajen Inna hira. Ya ce a masallaci ana tambayar mahaifinmu Baba Malam ko yanzu a boko ana koyar da sanin gaibu. Na ɗauko rahoton in nuna masa, ya ce in ajiye takardata, ba da takarda na girma a gidanmu ba, in zo gari in faɗa da bakina.

Na koma wajen Darakta hankali a tashe. Abin mamaki sai ya nuna damuwa, ya ce ai wannan rashin fahimta ce, shi da kansa zai kai ni a motarsa mu yi wa jama'a bayani. Na yi ta godiya. A lokacin na ɗauka taimakona zai yi.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da garinmu, don ku da kuka tashi a birni ba ku taɓa gani ba. Idan magana ta yi nauyi, iyakar gona ce ko sa ya ɓace, kuma shaidu suka ƙare, to a ƙofar Maigari ake kashe ta da rantsuwa. Mutum ya yi alwala, a shimfiɗa buzu, a ɗora Alƙur'ani, ya dafa ya faɗi maganarsa. Daga nan babu mai sake tayar da ita, an bar shi da Allah. Wanda ya ƙi dafawa kuwa ya faɗi, ko da gaskiyarsa ta kai girman kuka. Kuma tun ina yaro kakanku, Baba Malam, shi ke ɗauko Alƙur'anin daga makarantarsa a cikin gafaka. Ba zan ce Darakta ya san wannan al'ada ba, don ban tambaye shi ba. Amma mutumin ƙasar nan ne, kuma bai yi mamaki ba da ya ga buzun.

Bayan la'asar aka taru. Maza sun cika ƙofar Maigari, mata suna leƙe ta saman danga. Na miƙe na yi bayani iya ƙoƙarina. Na ce ku ɗauki turmi da ƙwaryar kunu ku ajiye a tabarma ɗaya, sannan wani ya ja tabarmar kaɗan. Turmi ba zai ce komai ba, kunu kuwa sai ya yi tangal-tangal ya zube. Dutse ita ce turmin, bakin fadamarmu shi ne ƙwaryar. Wani tsoho mai suna Baba Tanko, wanda saboda bakinsa ake tsoronsa a garin, ya gyara zama.

“To ka ji, Maigari. Mun kai yaro makaranta ya dawo ya ce mu kunu ne.”

Aka bushe da dariya. Da dariyar ta lafa sai maganar ta koma inda na fi tsoro. Wani ya ce su dai abin da suka sani, girgizar ƙasa azaba ce da Allah ke saukar wa mutanen da suka ɓaci, to wace ɓarna Zangon Kanya ta yi da Kukar Lele ba ta yi ba? Na ce wallahi ban zo da maganar zunubin kowa ba, kuma ƙasar Kukar Lele iri ɗaya ce da tamu, haka na rubuta. Ban rufe baki ba Darakta ya taɓa hannuna, ya ce wannan maganar ofis ce, kada mu shiga gonar wasu. Sannan ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya yi magana a natse kamar mai wa'azi. Ya ce shi ba ya son a cuci kowa. Ya ce idan ɗan garin nan, masanin da gwamnati ta yarda da shi, zai tsaya gaban iyayensa ya tabbatar babu abin da zai faru, to shi yau ɗin nan zai koma Dutse ya ce a dawo da aikin yadda aka zana shi tun farko.

Maigari ya dubi Baba Malam. Baba Malam ya aika aka ɗauko gafaka.

Na je bayan zaure yin alwala. Yaya Ado ya biyo ni ya tsuguna kusa da ni, ya sassauta murya, irin muryar da yake lallashina da ita ina ƙarami.

“Habibu, ka dafa kawai. Kai da bakinka ka ce da wuya ta yi. In ma ta yi, ka yi kaffara, ni zan ciyar da miskinan. Ka dubi Inna.”

Ina so ku gane cewa ban raina wannan magana ba, kuma har yau ban raina ta ba. Inna tana da ciwon baya tun haihuwar autanmu. Rijiyoyin cikin gari in bazara ta yi sai su koma laka, mata su yi ta jiran ruwa ya taru a gindi su kwarfa. Na san haka, a nan aka haife ni. Kuma na san in na dafa, mai yiwuwa, kai, kusan tabbas, in mutu ƙasa ba ta motsa ba. Amma Darakta ya ce yadda aka zana shi tun farko, kuma ni na ga zanen. Tushe ne na kan dutse za a kafa a kan jiƙaƙƙen yashi, a ɗora masa ruwa mai nauyin manyan motoci, a ƙarƙashinsa mata su yi layi da goyo. Rantsuwata ce za ta zama tushen. Duk wanda ya zo daga baya ya ce a ƙara zurfi, za a ce masa ɗan Malam ya dafa, magana ta mutu.

Na dawo na durƙusa gaban buzun. Na ce zan rantse a kan abin da na gani, cewa ƙasar wurin yashi ce da ruwa. Zan rantse cewa in aka zurfafa tushe, ana iya gina tankin a nan garin, gobe ma. Zan rantse cewa Kukar Lele ba ta fi mu ƙasa ba. Amma ba zan dafa littafin Allah in ce ga abin da ƙasa za ta yi ko ba za ta yi ba. Maigari ya ce ba wannan aka tambaye ni ba, kalma ɗaya ake so. Na ce ran Maigari ya daɗe, ba ni da ita. Baba Malam ya matso, ya naɗe Alƙur'anin a hankali ya mayar cikin gafaka, ya ce ba a rantsuwa a kan abin da ke hannun Allah, ya miƙe ya tafi. Ban san ko kare ni ya yi ba ko rufe taron kawai ya yi. Darakta ya buɗe hannuwa.

“To jama'a, kun dai ji da kunnenku. Ni nawa ƙoƙarin na yi.”

Kafin mu tashi na shiga gida sallama. Inna tana tankaɗe, ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Baba Malam yana zaure shi kaɗai. Na tsuguna gabansa yana jan carbi. Daga bisani ya ce na tsira da addinina, ya yi mini murna. Su kuma za su zauna da mutane.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubuta wannan babi. A hanyar komawa direba ya bi ta Kukar Lele don wani ɓangare na hanyarmu ruwa ya cinye. Rana ba ta faɗi ba, ana gani sarai. A bakin fadamarsu na ga tarin tsakuwa, na ga rodi a jibge har ya fara tsatsa, na ga tulin yashin gini wanda ciyawa ta riga ta tsiro a kansa. Ku tambayi kowane manomi kwana nawa ciyawa ke yi kafin ta kama tulin yashi haka. Na ga ramukan tushe an haƙa, mutum in ya shiga kansa a waje yake. Wato tun kafin Yaya Ado ya zo gidana, watakila tun kafin in gama rubuta rahoton, an gama magana. Babu rantsuwar da za ta dawo da tankin nan. Da na dafa, iyaka su ce za a duba, in tashi da rantsuwar banza a wuyana. An kai ni garinmu ne don mutanena su ga wanda za su tsana, su kuma masu abin su wuce da fararen riguna. Na juya na dubi Darakta. Yana ɓare goro, ya miƙo mini rabi.

Washegari na shiga ofishinsa ban jira an kira ni ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ramukan Kukar Lele ba su kai ba, kuma an yi amfani da sunana an yaudari garinmu. Ya ce in kula da bakina, ni ƙaramin ma'aikaci ne. Na kai maganar sama, aka ce an ji. Masu tallafin kuwa, da suka ƙirƙiro sharaɗin, sun ga an haɗa musu rahoto mai kauri da taswira mai launi, suka sa hannu daga nesa. Ko ɗayansu bai zo ya leƙa rami ba. Kafin shekara ta zagayo an mayar da ni sito ina ƙirga bututu, a can na ƙarasa aikina.

Mutane suna ce mini in yafe, abin ya wuce. Ina ƙoƙari, Allah ya sani, amma ba zan yi muku ƙarya ba. Ina fushi da mutumin da ya ɗauki tsantsenin da na yi don kare rayuka ya mayar da shi wuƙar yanka garinmu. Ina fushi da waɗanda ke neman takarda ba su neman gaskiyar da ke cikinta. Ina fushi da ƙasar da za ta tura mutum ya auna haɗari ba ta ba shi abin awo ba, sannan ta ce ya amsa da i ko a'a. Kuma, ko da yake wannan ya fi yi mini ciwon faɗa, ina fushi da mutanen Zangon Kanya. Da yawansu sun bi ta Kukar Lele zuwa kasuwa, sun ga yashin nan da ciyawarsa kafin ni. Sun san lissafi. Amma fushi da mai mota yana da tsada, fushi da ɗan Malam kuwa kyauta ne.

Tankin Kukar Lele yana nan tsaye, ƙasa ba ta girgiza ba, kuma ina roƙon Allah kada ta girgiza. Shekara da shekaru duk sallah in na je gaisuwa, Yaya Ado yakan tare ni da cewa Injiniya, yaya girgiza, an samu labari? Ban taɓa amsa masa ba. Amma ku zan gaya muku: wanda ya kwana a gindin ruɓaɓɓen bango ya tashi lafiya, ba bangon ne ya yi ƙwari ba.

Inna ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Na so in sa mai kura ya riƙa kai mata ruwa kullum, ta hana, ta ce ba za ta sha na saye maƙwabta suna kwarfar laka ba, bayan abin da ake cewa ɗanta ya yi. Cikin wata bazara mai tsanani ta rasu. Na iso gari da hantsi na tarar ana jira, ba a yi mata wanka ba, don abin da ke gindin rijiya bai isa ba kuma bai da tsabtar da za a wanke mamaci da shi. An tura amalanke Kukar Lele. Muna zaune a zaure muka ji ƙarar ƙafafunsa ya tsaya a ƙofar gida, jarkoki cike. Samari suka miƙe za su sauke, Yaya Ado ya ce su zauna. Ya dube ni a gaban kowa.

“Tashi ka ɗauka. Kai ka san hanyar da ruwan nan ya bi ya je can.”

Na tashi na ɗauka. Ɗaya bayan ɗaya na kai su ƙofar ɗakin Inna, mata suna karɓa ba sa kallona, rigata ta jiƙe har ƙasa. Bayan an dawo daga maƙabarta na zauna a bakin tabarma, masu gaisuwa suna miƙa wa Baba Malam hannu, su miƙa wa Yaya Ado, wasu su tsallake ni kamar ba su gan ni ba. Ana cikin haka sai ga motar ofis. Darakta bai zo ba, ya aiko direbansa da ta'aziyya da buhun shinkafa. Direban ya sauke buhun a ƙofar zaure, mutane suna ta sa albarka, suna cewa mutumin kirki, bai manta ba. Na miƙe na ce wa direban ya ɗauka ya mayar mota. Ya tsaya yana kallona. Yaya Ado ya ce in zauna, ba a mayar da sadakar mamaci, ba a taɓa yi ba a garin nan.

Na sunkuya na ɗauki buhun da kaina, na kai shi bayan motar na rufe.

“An yi yau,” na ce.